Mu gina wa tsuntsaye ɗaki a garkar makaranta

Yara, idan aka ce tsuntsu, da yawa daga cikinku za su tuna da lokacin kaka. Da hatsi ya fara nuna, akan tura yara gona tun da asuba, su yi ta kaɗa gwangwani suna korar jan baki. Jan baki yana zuwa dubu-dubu, kuma yana iya cinye zangarniyar gona guda cikin ƴan kwanaki. Saboda haka wani zai yi mamaki in ya ji an ce a gina wa tsuntsu ɗaki. Zai ce: "Yaya za mu yi wa ɓarawon hatsi masauki?"

Tambayar tana da kyau. Amsarta ita ce tsuntsaye iri-iri ne. Akwai masu ɓarna, akwai kuma masu taimakon manomi da mai garka. A wannan darasi za mu koyi bambanta su. Daga nan mu koyi yadda ake gina ɗan ƙaramin ɗaki na katako domin masu taimakonmu.

1. Masu saƙa da masu neman rami

Wasu tsuntsaye masaƙa ne. Kabare yana tsinko ciyawa ya saƙa sheƙarsa, ya rataye ta a ƙarshen reshe. Jan baki ma haka yake yi, cikin itatuwa masu ƙaya, shi da dubban ƴan'uwansa a wuri ɗaya. Waɗannan ba su shiga akwati. Ko kun gina ɗaki ɗari, jan baki ba zai leƙa ko ɗaya ba.

Wasu kuma rami suke nema. Gwara tana yin sheƙa a kogon itace ko a ramin bango. Alhudahuda, mai tukku a ka, wanda aka ambata a Alƙur'ani cikin labarin Annabi Sulaimanu, shi ma a rami yake ƙwai. Mujiya tana son babban kogo mai duhu. Cilakowa kuwa tana da abin mamaki: macen takan shiga kogo, a toshe bakin da laka, a bar ƴar tsaga kaɗai. Ta wannan tsaga namijin yake miƙo mata abinci har ƴaƴa su fara girma.

Duk waɗannan ba su iya huda itace da kansu. Sai dai su sami ramin da maƙwaƙƙwafi ya fafe ya bari, ko kogon da ya samu inda tsohon reshe ya karye ya ruɓe. Ɗakin da za mu gina kwaikwayon irin wannan kogo ne.

2. Amfanin da suke yi mana

Ku duba ganyen salati, ko tumatir, ko kuɓewa a garkarku. Sau da yawa za ku ga huji-huji. Aikin tsutsa ne da fara. Alhudahuda yana yawo a ƙasa yana soka dogon bakinsa, yana zaro tsutsotsi da ƙwari. Cilakowa tana cin fara. Mujiya tana kama ɓeraye da dare, su da ke ɓarna a rumbu.

Gwara fa? Gaskiya ne babbar gwara tana cin tsaba, har da ƙwayar hatsi in ta samu. Amma ƙananan ƴaƴanta da ƙwari take ciyar da su: tsutsa, ƴan fara, shinge. Tun daga safe har yamma uwa da uba suna kai da kawowa, kowa da ƙwaro a baki. In sheƙar tana cikin garka, daga garkar za su kamo da yawa daga cikin ƙwarin.

Ga wani abu da ya faru a ƙasar Sin. A shekarar 1958, hukuma ta ba da umurni a kashe irin gwarar ƙasar, wai don tana cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da tukwane suna kora, suna farfasa ƙwai. Aka kashe miliyoyi. Bayan haka fara da sauran ƙwari suka yi yawa a gonaki, domin mai cin su ya ragu. A shekarar 1960 hukuma ta janye umurnin. Wannan ya nuna mana cewa kafin a ce wata halitta ba ta da amfani, sai an lura da ita sosai.

3. Me ya sa suke rasa wurin zama?

Kogo sai tsohon itace. Kuka, tsamiya da gawo sukan yi shekaru da yawa kafin su yi rami. Lokacin manyan fari na 1973 da 1984, itatuwa masu yawa sun mutu a ƙasashenmu na Sahel. An kuma sare wasu domin girki da gini. Daga shekarun 1980, manoman jihar Maraɗi da ta Damagaram suka kama sassabin zamani: in suna sharar gona, sai su bar tohon itace ya girma, su riƙa yi masa aski. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar. Kowace shekara kuma, ranar 3 ga Agusta, ana dashen itace a ko'ina cikin ƙasa.

Wannan abin murna ne. Sai dai ƙaramin itace ba shi da kogo tukuna. A gari kuma, ginin siminti da rufin kwano ba su da ramuka kamar ginin ƙasa da jinka. Don haka mai neman rami yana iya samun abinci a garkarmu, amma ya rasa inda zai yi ƙwai.

Yi wa tsuntsu ɗaki ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu sun saba rataya tsohuwar tukunya ko ƙwarya domin tattabaru. A Faransa da wasu ƙasashen Turai, mutane suna yi wa tsuntsayen daji ɗan akwati na katako, su rataye a garka. Da faransanci sunansa le nichoir. Mu ma za mu yi irinsa, amma sai mun yi la'akari da zafin ƙasarmu, da ruwan damina, da gara.

4. Kayan aiki

Ɗakin da za mu yi na gwara ne da ƙananan tsuntsaye irinta. Ga abin da muke bukata:

– katako ɗaya: tsawo santimita 150, faɗi santimita 15, kauri santimita 2;
– ƙusoshi kamar 20, masu tsawon santimita 5, da ƴan ƙanana kamar 10;
– zarto da guduma;
– abin awo da alli ko fensir;
– guntun robar cikin tayar keke;
– waya mai ƙarfi, kamar mita 2;
– abin huda katako, wanda za a ara wurin kafinta.

Ba dole ba ne katakon ya zama sabo. Na tsohon benci ko na tsohuwar ƙofa ya isa, in dai gara ba ta ci shi ba. Ku guji katakon da aka shafa wa baƙin mai ko maganin ƙwari, domin warinsa yana cutar da ƴan tsuntsaye. Ku guji siririn katako kuma, kada ku yi amfani da kwano ko gwangwani. A watan Afirilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarfe yana ɗaukar zafi nan da nan, sai ɗakin ya koma tanda. Katako mai kauri shi ke tare zafi.

5. Awo da yanka

A nan ne darasin lissafi zai yi mana rana. Ku auna sau biyu kafin a sa zarto, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Ku shata layi a kan katakon kamar haka:

– baya: santimita 40;
– gaba: santimita 19;
– gefe biyu a haɗe: santimita 45;
– ƙasa, wato daɓen ɗakin: santimita 11;
– rufi: santimita 25.

Yanka aikin malam ne ko kafinta. Ɗalibai biyu su danne katakon da kyau, hannuwansu nesa da zarto.

Guntun nan mai santimita 45 shi za a raba biyu a karkace. Daga kai ɗaya, ku auna santimita 25 a bakin dama, ku sa alama. Daga wannan kan dai, ku auna santimita 20 a bakin hagu, ku sa alama. Ku haɗa alamun biyu da layi. In an bi layin da zarto, za a sami gefe biyu masu kama ɗaya, kowane da dogon baki na santimita 25 da gajeren baki na santimita 20. Wannan karkata ita za ta sa rufi ya gangara, ruwan sama ya zube ta gaba.

6. Ƙofa da sauran huji

Ƙofa ita ce abu mafi muhimmanci a wannan ɗaki, domin faɗinta shi ke zaɓen wanda zai shiga. Ga gwara, huji mai faɗin santimita 3 da rabi ya isa. In ya yi ƙanƙanta da yawa, ba za ta iya shiga ba. In ya yi faɗi da yawa, babban tsuntsu zai zura kai, ko kyanwa ta zura hannu. Alhudahuda yana bukatar ƙofa ta santimita 6 da ɗaki mafi girma. Mujiya kuwa nata ya fi haka nesa.

Ku ɗauki katakon gaba. Ku auna santimita 4 daga bakin sama, a tsakiya, ku sa ɗigo. Nan ne tsakiyar ƙofa. Ana yin ta can sama domin sheƙa ta kasance can ƙasa, inda abin cutarwa ba zai kai ba. Bayan an huda, a kankare bakin hujin ya yi santsi, kada ya fige gashin tsuntsu.

Ta ciki, ƙarƙashin ƙofa, a ɗan karce katakon da zarto, layi huɗu ko biyar. Wannan shi ne tsanin da ƴan tsuntsaye za su taka ran da za su fita.

Wasu sukan kafa ɗan tsinke a bakin ƙofa, wai don tsuntsu ya sauka. Kada ku yi haka. Mai ɗakin yana iya maƙalewa a bakin huji da faratansa. Tsinken maƙiyi kaɗai zai taimaka.

Sauran hujin ƙanana ne, kamar kaurin fensir. A yi huɗu a katakon ƙasa, don in ruwa ya shiga ya tsiyaye. A yi biyu a saman kowane gefe, don iska mai zafi ta fita. A yi biyu a saman katakon baya, biyu a ƙasansa, inda waya za ta bi.

7. Haɗawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku kasu uku-uku: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya miƙa ƙusa, ɗaya ya buga.

Da farko, ku jingina dogon bakin kowane gefe a jikin katakon baya. Ku bar santimita 5 a ƙasa, santimita 10 a sama. Ku buga ƙusa uku-uku ta bayan katakon.

Na biyu, ku sa katakon ƙasa tsakanin gefen biyu, ku buga.

Na uku, ku ɗora katakon gaba, ƙofa tana sama, bakinsa na ƙasa daidai da na gefe. Za ku ga ya gaza gefe da santimita 1. Da gangan aka yi haka. Ƴar tsagar da za ta rage ƙarƙashin rufi, tagar shan iska ce.

Na huɗu, rufi. Shi ba a kafe shi, domin za a riƙa buɗe shi lokacin shara. Ku ɗora shi ya taɓa katakon baya. Ku yanko roba mai tsawon santimita 15, ku shimfiɗa ta a mahaɗar, rabi a kan rufi, rabi a jikin baya, ku kafe da ƙananan ƙusoshi. Yanzu rufin zai buɗe kamar murfin akwati, robar kuma za ta hana ruwa shiga. Ku buga ƴar ƙusa a bakin rufi, wata a jikin gefe, ku ɗaure su da guntun waya, kada iska ko kyanwa ta ɗaga shi.

Daga ƙarshe ku shafa cikin ɗakin da hannu a hankali. In tsinin ƙusa ya ɓullo, a lanƙwashe shi da guduma. Ba a shafa fenti a ciki. Ba a kuma zuba ciyawa ko auduga. Mai ɗakin shi zai kawo shimfiɗarsa.

8. Ina za a rataye shi?

Kyakkyawan ɗaki a mugun wuri ba zai sami mai shiga ba. In ma ya samu, ƴaƴan na iya mutuwa. Ku kiyaye abu huɗu.

Inuwa. Ku zaɓi itace mai ganye da damina, kamar dogon yaro, tsamiya ko mangwaro. Gawo itace ne mai albarka a gona, amma da damina yake zubar da ganye, daidai lokacin da yawancin tsuntsaye suke ƙwai. Bangon aji ma yana yi, a ɓangaren da rana ba ta duka.

Fuska. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi. Ranar yamma kuma tana da zafi ƙwarai. Saboda haka ƙofa ta dubi kudu ko arewa.

Tsawo. Daga ƙasa zuwa ɗakin, mita 2 zuwa 3. Babba ne zai hau tsani, wani ya riƙe masa. Kada a sa ɗakin dab da reshe, inda kyanwa ko maciji zai sami wurin tsayawa.

Ɗauri. Ba a buga wa itace mai rai ƙusa. A zagaya gindin da waya, a sa roba tsakanin wayar da ɓawo. Itace yana ƙara kauri, don haka kowace shekara a ɗan sassauta wayar. Ɗakin ya zauna daram, ba ya lilo, ya ɗan sunkuya gaba kaɗan. In kun yi ɗakuna da yawa, ku rarraba su a itatuwa dabam-dabam.

Lokacin da ya fi dacewa a rataya shi ne kafin ruwan farko, domin tsuntsaye su saba da ganinsa.

9. Haƙuri da lura

Wataƙila mako ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya shiga. Wani ɗakin sai shekara ta zagayo. Kada ku karaya, mai haƙuri yakan dafa dutse. Kuna iya ajiye kasko da ruwa a inuwa kusa da wurin. Ku sauya ruwan kullum, don kada sauro ya hayayyafa a ciki.

Ran da kuka ga gwara tana shiga da ciyawa ko gashi a baki, to, an yi baƙi. Gwara takan yi ƙwai 3 ko 4. Kwanci yana ɗaukar kimanin mako biyu. Bayan ƙyanƙyasa, ƴaƴan sukan yi kusan mako uku kafin su tashi. A duk wannan lokaci ga dokokinmu:

– ba a buɗe rufi, ba a zura hannu;
– ba a girgiza itacen, ba a hayaniya ƙarƙashinsa;
– ba a shigo da danƙo ko majaujawa cikin garka;
– mai son kallo ya zauna shiru, kamar taku goma daga wurin.

Wanda ya gina wa tsuntsu ɗaki ya ɗauki amana. Ya kira shi ya ce: "Zo, nan babu tsoro." In daga baya ya harbe shi, ko ya kwashe ƙwansa, to, tarko ya kafa, ya kuma ci amana.

Damina tana faɗawa cikin babban hutu. Kafin a rufe makaranta, aji ya zaɓi ɗalibai biyu ko uku da ke zaune kusa, su riƙa zagayawa. Kuma duk wanda ke fesa maganin ƙwari a garka ya sani cewa tsutsar da ta sha magani tana iya kashe ɗan tsuntsun da aka ba shi ita.

Da sanyi, a watan Disamba ko Janairu, in an tabbata ba kowa a ciki, sai a yi shara. Malam ne zai buɗe. Ya fara ƙwanƙwasa ɗakin da doguwar sanda, domin wani lokaci ƙadangare, kunama, rina ko maciji sukan shige. A fitar da tsohuwar sheƙa a binne. A duba ko gara ta hau, a gyara abin da ya lalace. Bayan an gama, kowa ya wanke hannu da sabulu.

Mu koyi kalmomi

ɗakin tsuntsu: le nichoir
sheƙa: le nid
katako: la planche
ƙusa: le clou
guduma: le marteau
zarto: la scie
rufi: le toit
tsutsa: la chenille
inuwa: l'ombre

Tambayoyi

1. Me ya sa jan baki ba zai shiga ɗakin katako ba?
2. Ku faɗi tsuntsaye uku masu yin ƙwai a rami.
3. Da me gwara take ciyar da ƴaƴanta?
4. Me ya faru a ƙasar Sin bayan an kashe tsuntsaye a 1958?
5. Me ya sa ba a yin ɗakin da kwano?
6. Me ya sa ƙofa ba ta duban gabas ko yamma?
7. Me ya sa gawo bai dace da wannan aiki ba?

Lissafi

1. Ku tara tsawon guntayen katako duka. Santimita nawa za su rage daga 150?
2. Faɗin daɓen ɗakin santimita 11 ne, tsawonsa 15. Ku nemo kewayensa.
3. Aji yana son ɗakuna 4. Mita nawa na katako zai nema? Manyan ƙusoshi nawa?

Aiki

Ku tambayi kakanninku sunayen tsuntsayen da suka sani a garinku lokacin ƙuruciyarsu. Waɗanne ne har yanzu ake gani? Waɗanne ne suka yi wuya? Ku rubuta sunayen a allo.

Ku keɓe littafi ɗaya na aji. Duk wanda ya je kallo ya rubuta kwanan wata, da irin tsuntsun da ya gani, da abin da ke bakinsa, da sau nawa ya shiga ɗakin cikin minti 15. Idan aka koma makaranta, a karanta wa kowa.